Turbobin Ƙauyukan Keffi Na Neman Masu Takawa

Duk safiyar Asabar za ka ga matasan Abuja sun yi ayari, kowa da gorar ruwa da takalmin gudu, suna hawa duwatsun Mpape ko na Ushafa don motsa jini da shan iska. Kaɗan ne daga cikinsu ke tunanin wuce Mararaba da Masaka su ƙaraso Keffi, alhali tazarar ba ta wuce kilomita 50 ba sosai. Mutanen Keffi su ma, in ka cire manomi da makiyayi, sun bar wa babur da mota duk wata tafiya. Ga shi kuwa ƙasar da ta kewaye garin, ta wajen Gitata da Panda, ko ta Garaku zuwa Akwanga, ko ta Laminga zuwa Nasarawa, tudu ne da gangare masu sauƙin hawa, da ƙauyuka kusa da juna, irin ƙasar da dattijo da yaro duk za su iya takawa. Abin da nake gani shi ne ya kamata a zaɓi wasu daga cikin turbobin da suka haɗa waɗannan ƙauyuka a mayar da su sanannun hanyoyin yawon ƙafa, kuma ragamar aikin ta zauna a hannun mutanen ƙauyukan, domin su ne masu hanyar.

Babu wanda zai sari sabuwar hanya, tun da kakanni sun gama wannan aikin. Abdu Zanga ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, garin kuma ya bunƙasa ne saboda yana kan turbar fatake da ta taso daga Kano ta bi Zariya, ta sauka Nasarawa har Loko a bakin Binuwai. Bajamushen nan Gerhard Rohlfs ya yada zango a Keffi a 1867 ya tarar da kasuwa mai ci, ana cinikin hauren giwa. Charles Robinson, wanda daga baya ya rubuta ƙamus na Hausa, ya bi ta nan a 1894 a kan hanyarsa daga Loko zuwa Kano. A cikin garin kansa akwai dutsen da ake kira da sunan Kyaftin Moloney, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a Oktoban 1902, kisan da Gwamna Lugga ya fake da shi ya kai wa Kano yaƙi a 1903 bayan Sarkin Kano Alu ya karɓi Magajin hannu bibbiyu. Wanda ya hau wannan dutse ya hangi gari da kewayensa zai fahimci tarihin nan fiye da wanda ya haddace shi a aji, domin zai ga da idonsa ta inda ayari ke shigowa da ta inda mai gudu a kan doki zai fita.

Daga bayan gari kuma sai labarin ya canza. Turba takan ratsa tsakanin kunyoyin doya masu tsayi har gwiwa, ta bi ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya, ta tsallake rafi a inda aka jera duwatsun takawa. Da kaka za ka tarar da damman riɗi an jingina su tsaye suna bushewa, da garin rogo an shanya a kan falalen dutse. Za ka iya cin karo da matar Gbagyi ɗauke da itace a kafaɗa maimakon a ka, kamar yadda al'adarsu take, ka wuce rugar Fulani, ka shiga ƙauyen Gwandara ko na Yeskwa ko na Mada, duk a yini guda, kuma Hausa ta ishe ka gaisawa da kowa. Mai son abin da ya fi wannan sai ya ƙara gaba zuwa tsaunukan Eggon, inda mutane suka zauna shekaru aru-aru a saman duwatsu don tsira daga mahara, ko zuwa Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kusan mita 150.

Abin da ya sa maganar take da gaggawa shi ne turbobin suna ɓacewa. Cunkoson Abuja ya malalo ta Karu yana nufo Keffi, masu sayar da filaye suna yanka gonaki suna kafa duwatsun iyaka, kuma duk katangar da aka ja takan haɗiye wata hanyar da mata ke bi zuwa rafi ko kasuwa. Ga masu fasa dutse, ga masu haƙar ma'adinai a Jihar Nasarawa da ke alfahari da arzikin ƙarƙashin ƙasa. Mun riga mun ga yadda irin wannan ke ƙarewa a kan burtali. An keɓe wa shanu hanyoyinsu, har gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, amma da aka rasa mai tsare su sai gonaki da gidaje suka cinye su, kuma kowa ya san jinin da aka zubar a dalilin haka. Turbar ƙafa ba ta ma da irin wannan doka a bayanta. A Ingila sai da aka yi doka a 1949 ta tilasta wa hukumomi zana kowace hanyar ƙafa ta jama'a a taswira, shi ya sa har yau mai gona ba ya iya toshe ta. Hanyar da aka zana, aka sa mata suna, ake kuma bin ta kowane mako, tana da wuyar sacewa.

Ba otal ake buƙata ba, ba kuma kwangilar miliyoyi ba, kuma ina jin tsoron ranar da za a mayar da maganar ta zama haka. Ƙasar Jodan tana da hanyar ƙafa mai tsawon sama da kilomita 600 daga Ummu Ƙais zuwa Aƙaba, kuma abin da ya raya ta shi ne gidajen ƙauye da ke saukar da baƙi suna dafa musu abinci. A nan za a iya farawa da abin da bai kai haka ba: tafiyar awa uku ko huɗu, a fita bayan asuba a dawo kafin rana ta take. A fara da zama da mai unguwa da dagaci, da sanin fadar Sarkin Keffi ko ta sarkin yankin. Ja-gora ya zama ɗan ƙauyen, maharbi ko manomi da ya san inda maciji ke kwana da inda rafi ke cin mutum, a kuma yanka masa lada sananne. Ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi za su iya zana taswirar da wayoyin hannunsu, su shafa fenti a jikin dutse ko bishiya don alama.

Za a ce ina maganar tsaro, kuma tambaya ce ta gaskiya. An yi garkuwa da mutane a hanyoyin jihar nan, an yi rikicin manoma da makiyaya, kuma wanda ya ce a shiga kowane daji ba masoyin mutane ba ne. Amma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa a damƙa aikin ga mutanen ƙauye. Su ne suke fara jin labarin baƙuwar fuska, su ne za su ce yau kada a bi ta can, kuma in sun ce haka a fasa. Dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa shi ɓarayi suke so. A tsaya kusa da garuruwa, a tafi cikin ayari da rana, a bar wuraren da ake shakka sai hali ya gyaru.

Wasu kuma za su ce yawon banza ne na 'yan boko, mutumin da ke taka kilomita goma zuwa gona ba ya buƙatar a koya masa tafiya. Gaskiya ne, shi ba ya buƙata. Mai buƙata shi ne ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar da hawan jini da ciwon suga suka fara yi wa sallama, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba shawarar ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ribar manomin kuwa ita ce ladan ja-gora, da doyar da za a saya a bakin gona ba tare da dillali ba, da kunun da matarsa za ta sayar. Damuwar da ta fi wannan nauyi a wurina ita ce kada baƙi su mayar da ƙauye wurin kallo. Akwai duwatsu da kurmi da wasu al'ummomi ke girmamawa, ba a hawa sai da izini, wasu ma ba a hawa sam. Ba a ɗaukar hoton matan mutane ba tare da yardarsu ba, ba a tsinkar mangwaro ko kashu a gonar wani, ba a barin leda da gorar roba a baya. Lokaci ma yana da nasa sharaɗi: da damina ciyawa takan fi mutum tsayi, rafuka su cika, shuka kuma tana gona, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa, a kuma tambayi ja-gora tun da dare ko an sa wa daji wuta a ɓangaren da za a bi.