Yadda Za Mu Tsare Na'urar Intanet Ta Ƙungiya Daga Ruwan Sama

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama sun tara kuɗi sun sayi na'urar intanet marar waya. Wasu sun kafa ta a kan rufin majami'a, wasu a kan sito, wasu kuma a bisa dogon ƙarfe kusa da ofishin ƙungiya. Ta wurinta muke jin farashin hatsi a Dawanau kafin mu sayar, muna kuma karanta hasashen damina da hukumar NiMet takan fitar kowace shekara. Amma sau da yawa na'urar da ta yi aiki lafiya da rani takan fara gardama a tsakiyar damina. Wani lokaci ta mutu ɗungum, kuɗin masara buhu da yawa ya tafi a banza.

Ruwa ne yakan jawo yawancin wannan hasara. A Jos akan sami ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara. Wato kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana shan lita 1,400, daidai da duro bakwai masu cin lita 200. Na'urarmu tana tsaye a cikin wannan ruwa dare da rana. Ba za mu iya hana shi sauka ba. Abin da za mu iya yi shi ne mu ba shi hanya ya wuce, kamar yadda magini yakan sa indararo domin kada ruwa ya kwanta a kan soro.

TA INA RUWA YAKE SHIGA?

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ba safai ruwa yakan ratsa jikin na'ura ba. Ƙofofinsa uku ne: mahaɗi, wato inda waya take shiga na'ura, tsagewar rigar waya, da kuma raɓar da takan taru a cikin akwati.

Wayar intanet tana da siraran wayoyi takwas na jan ƙarfe cikin riga ɗaya. Tsakaninsu akwai ɗan sarari. In ruwa ya shiga ta sama, sai ya bi wannan sarari kamar yana bin tiyo, ya gangara har cikin ɗaki. Shi ya sa wani lokaci na'urar cikin ofis ce takan lalace, ko da yake rufin ba ya yoyo.

Akwai wani abu kuma. Yawancin na'urorin waje suna samun wuta ta cikin wannan waya, bolt 24 ko 48. In ruwa ya taɓa ƙarfe mai ɗauke da wuta, tsatsa tana ci da sauri ƙwarai. In mun zare kan waya muka ga haƙoransa sun yi kore ko baƙi, to, ruwa ya riga ya shiga.

MU DUBA LAMBA KAFIN MU SAYA

A jikin kwali ko na'ura akan rubuta haruffa IP da lamba biyu. Ma'auni ne na hukumar IEC, mai kula da ƙa'idodin kayan lantarki a duniya. Lamba ta fari tana nuna tsaro daga ƙura, 6 kuwa ita ce mafi girma. Ta biyu tana nuna tsaro daga ruwa. IP65 tana jure feshin ruwa daga kowane gefe. IP66 tana jure feshi mai ƙarfi. IP67 tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. Saboda ƙurar hunturu da ruwan iska na farkon damina, ya kamata abin da za mu kafa a fili ya kai IP65. Mu tuna dai lambar tana aiki ne in an rufe murfi daidai, robar bakinsa kuma tana zaune a wurinta.

Waya ma iri biyu ce. Ta cikin ɗaki tana da riga mai laushi, sau da yawa ruwan toka ko shuɗiya. Rana takan gasa ta har ta tsattsage. Ta waje tana da baƙar riga mai tauri wadda take jure rana. Wata ma tana da mai kamar basilin a ciki, domin kada ruwa ya sami hanyar bi. Ta fi tsada, amma ita ce mai araha a ƙarshe. Tsawon waya ɗaya kada ya wuce mita 100, kuma gara ta zama guda tun daga na'ura har ɗaki, gama kowane haɗi a waje sabuwar ƙofa ce ga ruwa.

ABUBUWA BIYAR DA ZA MU YI RANAR KAFAWA

1. Bakin na'ura ya dubi ƙasa. Waya ta shiga daga ƙasa kullum, ko a na'ura ko a akwati. Kada a kwantar da na'urar da aka yi domin tsayuwa.

2. A yi wa waya lanƙwasa. Kafin ta shiga na'ura ko bango, a bar ta ta sauko kamar taƙi ɗaya ƙasa da ƙofar, sa'an nan ta sake hawa. Ruwan da yake bin waya zai taru a gindin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa, gama ruwa ba ya hawa tudu. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma yana ceton na'urori da yawa.

3. Ramin bango ya karkata. A huda shi yadda bakin waje zai fi na ciki sauka. Bayan an zura waya a toshe ramin. Kada a shafa wa mahaɗi irin gam ɗin silikon mai warin tsami, domin yana cin jan ƙarfe.

4. A naɗe mahaɗi sau uku. Wannan ya shafi musamman inda eriya take haɗuwa da wayarta. Da fari a naɗa baƙin tef na masu gyaran wuta, domin a iya kwancewa nan gaba. Na biyu a naɗa tef na roba mai manne wa kansa, ana jansa sosai. Na uku a sake rufewa da baƙin tef, domin rana kada ta ci robar. Naɗin ƙarshe a fara shi daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na ƙarƙashinsa. Haka muke yi wa ɗaki jinka: daga ƙasa ake fara baibaya, bunun sama ya rufe na ƙasa, ruwa ya zame ya wuce.

5. A ɗaure waya da kyau. Wayar da iska take kaɗawa takan gogi bakin kwanon rufi har rigarta ta yanke. A ɗaure ta kowane kamu biyu, ba tare da an matse ta ƙwarai ba.

AKWATI MA YANA BUKATAR NUMFASHI

Mun saba gani da asuba ruwa yana ɗiga daga cikin kwanon rufi, alhali ba a yi ruwan sama ba. Haka yake faruwa cikin akwatin na'ura. Da rana iskar ciki ta yi zafi ta fita. Da dare ta huce, akwati ya zuƙo iska mai laima, laimar ta zama raɓa a jikin bango. Kwana da kwanaki sai ruwa ya taru a gindi.

Saboda haka a bar ƙaramar kafa a ƙasan akwati, a rufe ta da ragar sauro domin zanzaro da tururuwa kada su yi gida. In na'ura ta zo da 'yar kafa irin wannan daga masana'anta, kada mu toshe ta. Kada kuma mu ɗaure na'ura cikin leda. Leda tana tsare zafi da gumi, kuma ba ta daɗewa a rana. Gara a yi mata ɗan rufi na kwano daga sama, muddin bai tare gaban eriya ba.

In za a bi da waya ta ƙarƙashin ƙasa, a sa ta cikin bututun roba saboda ɓera, gara da fartanya. Amma mu sani bututun da aka binne yakan cika da ruwa komai daɗewa. Don haka wayar cikinsa ma sai ta zama irin wadda aka yi domin binnewa.

IN RUWA YA RIGA YA SHIGA

A cire wuta nan da nan. Kada a yi ta kunnawa ana gwadawa, gama wuta ce take ƙarasa ɓarnar. A sauko da na'ura, a buɗe murfinta, a ajiye ta a inuwa inda iska take kaɗawa kwana biyu ko uku. A yanke tsohon kan waya, a ci gaba da yankewa har a kai wurin da yake a bushe, sa'an nan a sa sabon kai. In waya ta jiƙe duk tsawonta, sai a sake ta. Kada kowa ya hau rufi ko ƙarfe lokacin da hadari ya haɗu, ko kwano yana jiƙe. Na'ura tana da kasuwa, rai ba shi da ita.

AIKIN ƘUNGIYA

Kayan kowa da kowa shi ne yakan rasa mai kula. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, ta rubuta sunayensu a littafin taro. Su duba na'ura sau biyu a shekara: cikin Maris, lokacin da muke sharar gona da gyaran rumbu, da kuma cikin Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke. Su share ƙura, su duba tef ko ya saki, su bi waya da hannu ko ta tsage, su buɗe akwati su ga ko da ruwa. Ma'aji kuma ya ware ɗan kuɗi kowace shekara domin tef da kawunan waya.

A taronku na gaba, ku fita tare ku ɗaga kai ku dubi wayarku. In ta miƙe sak daga sama zuwa cikin bango ba lanƙwasa, ku gyara ta kafin ruwan fari. Allah ya ba mu damina mai albarka.