Gama Kai Ne Zai Ceci Nonon Makiyayan Tarai

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi ta Tarai, a ƙasar Kibiya, cikin damina zai ga matan Fulani ɗauke da ƙoren nono, suna fitowa daga rugagen da ke gindin duwatsu. Nono ya yi yawa, farashi ya faɗi, wanda bai sayu ba kuwa sai ya lalace. Da rani kuma shanu su yi kudu neman ciyawa, nono ya yi wuya.

Makiyayan duwatsun Jura na ƙasar Faransa sun daɗe da gano maganin wannan asara. Tun ƙarni na 13 suke tara madararsu wuri ɗaya, domin curi guda na cukunsu mai suna Comté yana cin lita wajen 400, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin makiyayi. Ƙungiyar gama kai ce ke ɗaukar gwanin cuku, a biya kowa gwargwadon madarar da ya kawo.

Mu ma ba baƙin cuku ba ne, don kuwa Buzayen Nijar suna shanya nasu ya yi watanni bai ɓaci ba. Ashe abin da makiyayanmu ke bukata shi ne ƙungiya mai ma'auni na gaskiya da littafin lissafi.

Sai dai a yi hattara. A al'adar Fulani kuɗin nono na mace ne. In aka cika rajista da sunayen maza kaɗai, to, an yi gyaran gangar auzinawa.