Yadda Ake Ƙalubalantar Sakamakon Gwajin Mota a Ingila

A Ingila, motar da ta cika shekara uku sai an riƙa gwada lafiyarta duk shekara, gwajin da ake kira MOT. Sau da yawa garejin da ke gwajin shi ne mai gyara, don haka idan ya ce birki ya cinye, ba laifi ba ne mai mota ya yi shakka.

Wanda bai gamsu ba yana da kwanakin aiki 14 ya kai kuka ga hukumar DVSA. Sai dai kada makanike ya taɓa motar kafin jami'in hukumar ya sake duba ta, domin da zarar an sauya birkin, shaida ta tafi. Zai sake biyan kuɗin gwaji, amma idan ya yi nasara a mayar masa, duka ko wani ɓangare.