Masu Ba da Barcinsu Domin Bincike: Me Ake Yi Musu, Kuma Mene Ne Haƙƙinsu?

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya san mai gyangyaɗi a ajinsu, kuma duk wanda ke makarantar kwana ya san mai minsharin da ke hana jama'a runtsawa. Wani yakan yi ta juyi a kan gado har kiran assalatu, wani kuma dannau ke damunsa. Likitoci suna da bayani a kan waɗannan matsaloli, amma ba a sama suka tsince shi ba. Mutane ne suka amince aka yi nazari a kansu suna barci. Wata rana ana iya gayyatar ɗayanmu ko wani a gidanmu, don haka gara mu san yadda abin yake tun kafin gayyatar ta zo.

Daga ina ilimin ya fito?

A 1938 Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago a Amurka ya shiga kogon Mammoth da ke jihar Kentucky tare da ɗalibinsa Bruce Richardson. Sun yi kwana 32 ba su ga rana ba, domin su gano ko jiki zai iya sabawa da yini mai awa 28. Matashin ya saba, malamin ya kasa.

A 1953 Kleitman da wani ɗalibinsa, Eugene Aserinsky, suka bayyana cewa akwai matakin barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma a lokacin ne aka fi yin mafarki. Aserinsky ya fara gwada na'urarsa ne a kan ɗansa mai shekara 8.

A 1981 kuma Dakta Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya bayyana sakamakon gwajin na'urar hura iska ta hanci da ya yi a kan mutum 5 da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci. A yau masu wannan cuta a ƙasashe da dama suna kwana da irin wannan na'ura.

Me ake yi wa wanda ya shiga?

Binciken iri uku ne. Na farko mai sauƙi ne: ka amsa tambayoyi, ka riƙa rubuta lokacin kwanciyarka da na tashinka na mako ɗaya ko biyu, wani lokaci a ɗaura maka wani abu mai kama da agogo da ke auna motsin hannunka dare da rana.

Na biyu shi ne kwana a ɗakin gwaji na asibiti. Ana manna ƙananan wayoyi a fatar kai, da gefen idanu, da haɓa, a ɗaura ɗamara a ƙirji da ciki, a maƙala wani abu a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Wayoyin ba sa sa wa mutum lantarki, suna ɗaukar saƙon da jiki ke fitarwa ne su kai wa kwamfuta. Babu zafi, sai dai takura, shi ya sa mutane da yawa ba sa samun barci mai daɗi a daren farko.

Na uku shi ne gwajin magani ko wata dabara, misali horar da mai fama da rashin barci ya sauya ɗabi'un kwanciyarsa. A nan ana raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu a ba su maganin, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu sinadarin maganin a cikinta, kuma sau da yawa mai sha da mai bayarwa ba su san wanda ya samu wanne ba. Dalili shi ne, wasu kan ji sauƙi don kawai sun yarda an ba su magani, sai an kwatanta gidajen biyu ake gane gaskiya.

A kula da wannan: shiga bincike ba daidai yake da zuwa ganin likita ba. Likita yana neman abin da zai warkar da kai ne, mai bincike kuma yana neman amsar tambaya. Kana iya amfana, kana iya fita ba ka samu komai ba, kuma sabon magani na iya zuwa da illa.

Haƙƙoƙinka

Da yawa daga iyayenmu na ɗari-ɗari da kalmar gwaji, kuma suna da hujja. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009.

Domin kare jama'a daga irin wannan akwai ƙa'idoji. Ƙungiyar likitocin duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, kuma gwajin magani sai da izinin NAFDAC. Ga abin da suka tanadar maka:

1. A yi maka bayani da harshen da kake ji: manufar binciken, tsawon lokacinsa, amfaninsa da haɗarinsa.
2. Idan ba ka kai shekara 18 ba, sai iyaye ko mariƙinka sun amince, kai ma kuma sai ka yarda.
3. Kana da ikon ƙin shiga, ko ficewa duk lokacin da ka so, ba tare da an hana ka maganin da ya kamata a ba ka ba.
4. A ɓoye sunanka da bayananka.
5. Kuɗin da za a ba ka na mota ne da ɓata lokaci, bai kamata ya kai yawan da zai rufe maka ido ba.

Kafin sa hannu, tambayi wane kwamiti ne ya amince da binciken, wa zai biya idan ka samu illa, kuma wa za ka kira idan wani abu ya faru cikin dare. Mai binciken gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda kuwa ya miƙo maka ƙwayar barci a bayan aji da sunan gwaji, babu takarda, babu sanin iyaye, ka sanar da malami nan take.

Fara da kanka

Masana sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kullum. Ka ware shafi ɗaya a littafinka, ka rubuta lokacin da ka ajiye waya ko littafi, da lokacin da ka kwanta, da lokacin da ka tashi, har kwana 14. Idan lissafin ya nuna kana gaza awa 8, ka gyara lokacin kwanciya. Idan kuma kana cika awannin amma har yanzu gyangyaɗi bai bar ka ba, ko an ce numfashinka na ɗaukewa cikin minshari, ka nuna wa iyayenka shafin, ku je asibiti da shi.