Ƴan dakon Ingila da suka rage a cikin fim kawai

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran kwantena daga tashar Lome ya san jinkirin kwana guda asara ce. Haka abin yake a Ingila a shekarun 1950, sai dai a lokacin babu kwantena, ƙarfin ɗan Adam ke aiki.

A 1950 aka fito da fim mai suna Berth 24, wanda ya bi jirgin ruwa guda a tashar Hull, tun isowarsa daga Suwidin, saukar kaya da lodin wasu, har komawarsa. A 1951 kuma Basil Wright ya yi Waters of Time a kan tashar Landan. Mai kallo na ganin ƴan dako suna fama da buhuna da akwatuna, ƙugiya na ɗagawa sama.

Kwantena ta ɓullo daga Amurka a 1956. Aikin kwanaki ya koma na awoyi, kuɗin jigila ya sauka. Tsofaffin tashoshin Landan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a 1981, dubban magidanta suka rasa abin yi. Sauƙin da ƴan kasuwa suka samu, ƴan dako ne suka biya shi.