Ƙwayoyin Ƙasa Masu Cin Mai da Tsaron Shuka

A cikin ƙasar noma akwai waɗansu halittu ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Masana suna kiransu bakteriya, kuma cikin cokali guda na ƙasa mai taki akan sami miliyoyinsu. Daga cikinsu akwai wata zuriya mai suna Pseudomonas, wadda ta shahara da ayyuka biyu: cin ɗanyen man fetur, da tsare shuka daga cuta. Nufinmu a nan shi ne mu nuna yadda makami guda yake yin ayyukan nan duka biyu.

Kowa ya sani mai da ruwa ba sa haɗuwa, ga shi kuwa ƙwayar ba ta iya cin abinci sai ta hanyar ruwa. Saboda haka waɗansunsu sukan fid da wani sinadari mai aiki irin na sabulu, wanda Jarvis da Johnson suka bayyana ƙirarsa a 1949. Shi ke farfasa mai ya zama ɗigo-ɗigo, ƙwayar ta kama ta ci, a ƙarshe ya koma ruwa da iskar kabon. Amma cin ba ya sauri sai da iska da taki. Shi ya sa da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska ta Amurka a 1989, aka watsa taki a bakin teku domin ƙwayoyin wurin su yawaita, su rage man.

To, ina ruwan wannan da manomi? Akwai waɗansu cututtuka masu kama da fumfuna, irin su Pythium mai ruɓar da saiwar tsiro, da Phytophthora, wadda wani irinta ya halaka dankalin Ailan tun daga 1845. Irinsu yakan yi iyo cikin damshin ƙasa yana neman saiwa, ba shi da ɓawo, sai wata fata siririya ta maiƙo. A 1997 Stanghellini da Miller na Jami'ar Arizona suka nuna cewa da sinadarin nan ya taɓa fatar, sai irin ya fashe. Watau abin da ke farfasa man fetur shi ke yaga rigar cuta, don su biyun duka maiƙo ne.

Sai dai akwai wurin hattara. Wadda ta fi fid da sinadarin, Pseudomonas aeruginosa, takan cuci mutane, musamman masu ƙuna da raunana. Don haka masana suka karkata ga tace sinadarin shi kaɗai, ko neman 'yan'uwanta marasa cuta.

Maganar ta shafi Nijeriya ƙwarai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni, wadda mai ya ɓata, zai iya cin shekara 25 zuwa 30. In an san yadda za a ciyar da ƙwayoyin da ke cikin ƙasar, a shigar musu da iska, za su ɗauki rabonsu na aikin.