Wankin Kayan Tagulla da Adana su a Gidan Bahaushe

1.0 Gabatarwa

A garuruwan yammacin Kano irin su Rogo Sabon Gari, inda ƙasar Karaye ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, akan tarar da tasa ɗaya ko biyu ta tagulla a ɗakin tsohuwa, an kife ta a ƙarƙashin gado ko an tura ta bayan randa. Galibi ta yi baƙi ƙirin, bakinta ya yi kore, har yaran gida ba su san cewa ita ce ta taɓa zama kan gaba a jeren kakarsu ba. Ranar da ɗan jari-bola ya ratso unguwa da sikelinsa, sai a miƙa masa ita a kan 'yan kuɗi kaɗan, daga nan kuma sai wurin narkarwa. Wannan maƙala za ta nuna cewa baƙin da tagulla ke yi ba mutuwarta ba ne, kuma maganinsa yana nan a cikin madafin kowane gida. Za ta kuma leƙa ƙasar Indiya, inda mabiya addinin Hindu suka daɗe suna fama da irin wannan aiki.

2.0 Tagulla da Matsayinta Wurin Hausawa

Hausawa kan yi amfani da kalmar tagulla ga jan ƙarfe zalla, da kuma ƙarfen nan mai launin zinariya wanda ake samu idan aka narka jan ƙarfe da tutiya. Wannan na biyu shi ne abin nufi a nan. Yawanci kashi biyu cikin uku jan ƙarfe ne, kashi ɗaya tutiya. Masu sarrafa shi su ne maƙeran fari, watau masu aikin azurfa da tagulla, saɓanin maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari. Daga hannunsu ake samun munduwa da warwaro da zobe da likkafa, tasoshi masu zane kuwa an fi sanin Nufawan Bida da su.

Dangantakar Bahaushe da wannan ƙarfe tsohuwa ce ƙwarai. A shekarar 1353 Ibn Baɗuɗa ya ziyarci Takedda, yamma da Agadas, ya ga ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana kai shi Gobir da Barno. Haka kuma a 1992, da aka haƙa tsofaffin kaburburan Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani ta jihar Katsina, an sami kayan ado na ƙarfe tare da wata tasa wadda ƙirarta ta nuna daga Gabas ta Tsakiya aka kawo ta. Ta shafe ɗaruruwan shekaru a cikin ƙasa ba ta narke ba. Baƙin ƙarfe da ya yi irin wannan zama, da wuya a tarar da wani abin kirki daga gare shi.

A cikin gida kuwa, tasa dukiyar mace ce. Iyaye ne ke saya wa amarya, mallakarta ce ba ta miji ba, kuma idan rana ta ɓaci ita za ta ɗauka ta sayar. Bayan ƙwarya da akushi tasa ta yi zamaninta a jere, kafin kwanukan samira su ture ta, su ma tangaran da roba su ture su.

3.0 Abin da ke sa Tagulla Dushewa

Tagulla ba ta yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, wadda ke cin jiki har ta huda shi. Abin da ke faruwa shi ne, iska da laima da hayaƙi da gumin hannu suna haɗuwa da fuskar ƙarfen, sai su bar wani siririn rufi, da farko ruwan ƙasa, daga baya baƙi. Wannan rufi a sama kawai ya tsaya, hasali ma yana kāre abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa tasar da ta shekara 40 a ƙarƙashin gado kan fito da haskenta idan aka wanke ta.

Koren da ke fitowa shi ne abin tsoro. Yana samuwa ne idan gishiri ko tsami ko maiƙo suka daɗe a jikin ƙarfen cikin danshi. Idan ya yi gari-gari yana karkaɗewa, to alama ce ana cin ƙarfen. Bugu da ƙari, dafi ne ga cikin mutum. Saboda haka ba a barin nono ko kunun tsamiya ko zoɓo su kwana a cikin tasar tagulla, sai fa idan an shafe cikinta da kuza.

4.0 Yadda Ake Wankin

Kafin a fara, ya kamata a tabbatar da abin da ke hannu. Idan aka kanga maganaɗisu ya kama, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, kuma gugar kirki za ta kankare ruwan. Irin wannan, sabulu da ruwan ɗumi sun ishe shi. Idan bai kama ba, sai a bi waɗannan matakai:

(a) A wanke da sabulu da ruwan ɗumi don a cire maiƙo da ƙura, domin tsami ba ya ratsa maiƙo.

(b) A jiƙa tsamiya, a dama ta har ta yi kauri, a shafe kayan da ita, a bari na ɗan lokaci kaɗan. Inda babu tsamiya, lemon tsami da ɗan gishiri suna yin aikin.

(c) A tankaɗe toka da rariya, a dangwala da tsumma mai laushi a goge. Cikin zane kuwa sai a bi da tsohon buroshin haƙori ko asuwaki.

(d) A ɗauraye sau da yawa da ruwa mai kyau, a tsane da busasshen ƙyalle nan take, sa'an nan a shanya a rana.

Hikimar wannan tsari ita ce, tsamin da ke cikin tsamiya yana narkar da baƙin rufin, toka kuma tana kwashe shi ba tare da ta yagi ƙarfen ba. Kurakuran da aka fi yi guda uku ne. Na farko, a jiƙa tasa cikin ruwan tsamiya ta kwana. Tsami yakan fara cinye tutiya ya bar jan ƙarfe, sai a wayi gari tasa ta yi jajayen tabo. Na biyu, a dirje ta da yashi ko soson ƙarfe. Za ta yi haske a ranar, amma kowace dirza tana rage zanen maƙeri, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na uku, a yi ƙyuyar ɗauraya, gishirin da ya maƙale a cikin zane ya zama tushen sabon kore. Ruwan bilic kuwa, bai kamata ya taɓa tagulla ba sam.

5.0 Darasi Daga Indiya

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya ga wata kusurwa a cikin ɗaki, inda ake jera ƙananan gumaka da fitilu da ƙararrawa, yawancinsu na tagulla. Birnin Muradabad na jihar Uttar Pradesh ya shahara da ƙera irin waɗannan kayayyaki har ana yi masa laƙabi da birnin tagulla. Bahaushe Musulmi ba ya ajiye gunki, amma ƙarfen ɗaya ne, matsalarsa ma ɗaya ce, tasu ma ta fi tsanani. A wurin ibadarsu sukan yi wa gunki wanka da madara da kindirmo da man shanu da zuma da sukari, su shafa masa garin sandal da jan gari, su kunna fitilar mai da turare a gabansa. Duk waɗannan abubuwa suna barin maiƙo da tsami da baƙin hayaƙi.

Abin sha'awa shi ne, da tsamiya da gishiri da lemon tsami da toka matan Indiya ke yin wankin, kamar dai matan Hausawa. Sukan yi babban wanki gab da bukukuwa irin su Diwali, kamar yadda Bahaushiya ke sauke jerenta gab da salla. Larabawa na kiran tsamiya tamar hindi, watau dabinon Indiya, ko da yake asalin itaciyar na Afirka ne. Darasin da ke cikin al'adarsu shi ne yawan kulawa. Abin da ake ɗaurayewa a tsane a kai a kai ba ya bukatar dirza mai ƙarfi. Tasar Bahaushe kuwa, tun da aka daina ganin darajarta aka daina taɓa ta.

Akwai wani darasin daga can. A zamanin mulkin Ingilishi an lura cewa kwanson harsasai na tagulla yana tsagewa haka kawai a lokacin damina. A 1921 bincike ya tabbatar da cewa iskar amoniya ce sanadi, wadda ke tashi daga fitsarin dawaki a bargar da ake ajiye harsasan. Wannan ya shafi gidan manomi kai tsaye, inda turken dabbobi da buhunan takin zamani ke maƙwabtaka da ɗakin ajiya.

6.0 Adanawa

Daga abin da ya gabata, ƙa'idojin adanawa a bayyane suke. A nisanta tagulla da turke da akurki da taki. Kada a kife ta a daɓen ƙasa, musamman a yanki irin na Rogo da Karaye, inda damina ke da ƙarfi fiye da arewacin jihar. A ɗora ta a kan kanta ko cikin kabad, a naɗe da farin ƙyallen auduga, ba leda ba, domin leda tana riƙe laima. Kada a bar ta manne da fata, gama man jima yana sa ta kore, kamar yadda ake gani a kayan doki. Bayan wanki ana iya shafa mata kakin zuma kaɗan a goge, ya fi man gyaɗa, wanda ke kama ƙura ya yi ɗanko. Idan kuwa a gona ko a kufai aka tono abin, to kada a wanke shi ko kaɗan, domin rufin da ke jikinsa yana cikin shaidar shekarunsa. Irin wannan, gidan tarihi kamar Gidan Makama na Kano ya dace a kai shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa dushewar tagulla abu ne na sama-sama, kuma tsamiya da toka da ƙyalle sun isa su dawo da ita, muddin aka guji yashi da doguwar jiƙa da danshi. Ɗan jari-bola nauyi kawai yake saye, ba ya biyan kuɗin zanen maƙeri, balle na tarihin wadda aka yi wa jere da tasar. Kafin a ɗora ta a sikeli, yana da kyau a fara jiƙa tsamiya a ga abin da ke ƙarƙashin baƙin.